Husufin 2006 a Sakkwato: Awa Biyu da Rabi, Babu Duhu Ko na Minti Ɗaya

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, kwana biyu bayan an rufe ƙidayar jama'a ta ƙasa, wata ya gitta tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo a kan Najeriya. A lissafin Hijira ana ƙarshen Safar na 1427. A Sakkwato kuwa bazara ta kankama, lokacin da tun kafin hantsi ya ɗaga mutum ya fara neman gindin bishiya.

Inuwar ta taso daga gabashin Brazil da fitowar rana, ta ƙetare tekun Atilantika, ta sauka Ghana, ta ratsa Togo da Benin, sannan ta shigo Najeriya ta yamma da misalin ƙarfe 10:21 na safe agogonmu. Ta bi ta kan Saki a jihar Oyo, ta miƙe arewa maso gabas ta kan Gusau da Katsina, ta fice zuwa Nijar da misalin 10:37. Minti 16 kacal tsakiyarta ta yi a ƙasarmu. Daga nan ta shiga Sahara, ta taɓa kusurwar Cadi, ta keta Libiya da gefen Masar, ta haye Bahar Rum zuwa Turkiyya, ta bi ta Rasha da Kazakistan har ta ƙare a Mongoliya da faɗuwar rana.

Birnin Shehu bai shiga ciki ba. Iyakar inuwar ta arewa ta yanke hanyar Gusau ne a wani wuri tsakanin biranen biyu, ta bar Sakkwato a waje, saura ƙiris. Shi ya sa idan zancen ranar ya taso tsakanin wanda yake Gusau da wanda yake Sakkwato, labari biyu za ka ji. Na Gusau zai ce dare ne ya yi da hantsi, har tauraruwa ta fito, kuma abin bai cika minti huɗu ba. Na Sakkwato zai ce babu wani dare, haske ne ya dusashe, garin ya yi wani irin lumshi, kuma an daɗe ana ciki, sai dab da tsakar rana aka fita. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Tambayoyin nan biyu da ake yi duk lokacin da aka ji husufi na tafe, wato minti nawa yake ɗauka da kuma bayan shekara nawa yake dawowa, ba sa amsuwa sai an fara faɗin garin da mai tambaya yake tsaye. Ranar nan ta 2006 ta nuna haka a fili, tsakanin garuruwa biyu da tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ta raba.

Abin da Sakkwato ta gani

Inuwar wata iri biyu ce. Akwai ta tsakiya mai duhu, siririya, wadda a ran nan faɗinta bai wuce kilomita 190 ba. Wanda ta hau kansa ya ga an rufe rana ruf. Akwai kuma ta kewaye, shara-shara, mai faɗin dubban kilomitoci, wadda ta lulluɓe mafi yawan Afirka da Turai da yammacin Asiya. Wanda ke cikinta wani sashe na rana kawai ake cinye masa. Sakkwato tana cikin ta biyun, amma can kusa da bakin ta farko.

Wajen ƙarfe tara da 'yan mintoci wata ya fara gutsurar gefen rana. A rabin awa na farko wanda ba a gaya wa ba ba zai lura da komai ba, domin idon ɗan Adam yana gyara kansa da kansa idan haske ya ragu sannu a hankali. Sai wajen goma da rabi abin ya kai maƙura, fiye da kashi 90 cikin 100 na fuskar rana a rufe, abin da ya rage siririn lauje. Daga nan ta fara buɗewa, ta koma daidai dab da ƙarfe 12. Kimanin awa biyu da rabi ke nan daga farko zuwa ƙarshe. Gusau ma awa biyu da rabin ta yi, sai dai ita a tsakiyar nata akwai minti uku da sakan hamsin ko kusa da haka na duhu.

Mutane kan yi mamakin yadda rana za ta rufe kusan baki ɗaya amma gari bai yi duhu ba. Rana ta ninka watan daren sha huɗu haske sau kusan 400,000. Ko kashi 1 cikin 100 na fuskarta aka bari a buɗe, hasken da ke zubowa ya fi na farin wata sau dubbai. Don haka tsakanin kashi 99 da kashi 100 ba tazarar kashi ɗaya ba ce. Sai an toshe ɗigon ƙarshe sannan sama take yin duhu, Zara ta bayyana, a kuma ga farin hasken nan mai bazuwa da ke kewaye da rana, wanda ba a taɓa ganinsa da ido sai a irin wannan lokaci. Wannan ne Gusau da Katsina suka samu, Sakkwato ta rasa. Legas ma haka ta kasance a ɗaya gefen: tana da nisan kimanin kilomita 120 daga iyakar inuwar ta kudu, ita ma lauje aka bar mata.

Me ya sa minti huɗu

Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare zai yi shi a allo. Inuwa ce mai faɗin kusan kilomita 190 tana gudu a doron ƙasa kusan mita 800 kowane sakan. Raba mita 190,000 gida 800, ka sami sakan 237, minti huɗu ba 'yan sakanni. Iyakar abin da wanda ke tsakiyar hanyar zai samu ke nan. Wanda ke kusa da baki, gefen inuwar ne kawai ke shafarsa, sai ya sami minti ɗaya, ko sakan ashirin, wanda ya ƙara taku kaɗan waje kuwa ya tashi a tutar babu. Mafi tsawon duhun da aka samu a ran nan minti 4 ne da sakan 7, kusa da iyakar Libiya da Cadi, da ƙarfe 11:11 agogon Najeriya.

Faɗin inuwa da saurinta ba kullum suke ɗaya ba. Rana ta fi wata faɗi sau kusan 400, ta kuma fi shi nisa da mu sau kusan 400, shi ya sa ido ke ganin girmansu ya zo ɗaya. Amma hanyar wata ba da'ira ce cif ba. Yakan kusato zuwa wajen kilomita 357,000, yakan yi nisa har ya wuce 406,000. Idan husufi ya same shi a kusa, yana da girman rufe rana har ya yi rara, inuwarsa ta yi faɗi, duhu ya daɗe. Idan ya same shi a nesa, ba ya isa ya rufe ta, sai a ga baƙin tsakiya da zoben haske kewaye da shi. Irin wannan mai zobe yakan fi daɗewa, na 15 ga Janairu 2010 ya kai minti 11 da sakan 8, amma gari ba ya yin duhu a cikinsa, kuma ido ba shi da aminci da shi ko na sakan ɗaya. Ita ma duniya takan fi nisa da rana a farkon watan Yuli, sai rana ta ɗan ƙanƙance a ido, rufe ta ya yi sauƙi.

Sai zancen sauri. Inuwar tana tafiya gabas, duniya ma gabas take juyawa, tana bin inuwar a baya. A tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, wannan juyi ya kai kilomita 1,670 a awa, don haka a can ne ƙasa ta fi rage wa inuwar gudu. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya muna da wannan rabo. Idan sharuɗɗan duka suka haɗu, wata a kusa, rana a nesa, wuri kusa da tsakiyar duniya, lokaci tsakar rana, duhun zai iya kaiwa minti 7 da sakan 32. Ba ya wuce nan.

An kusa kaiwa wannan iyaka a maƙwabtanmu. Ranar 30 ga Yuni 1973 inuwar wata ta ratsa Muritaniya da Mali da Nijar da Cadi ta nufi gabashin Afirka. Inda ta fi daɗewa yana cikin hamadar Nijar, arewa sak da Sakkwato, nisan kilomita 600 da wani abu, kuma duhun ya yi minti 7 da sakan 4. Tun daga ranar ba a sake samun wanda ya cika minti 7 ba, kuma ba za a samu ba sai 2150. A ran nan ne masu bincike suka shiga jirgin Concorde suka bi inuwar a guje ta saman Sahara, suka zauna a cikinta minti 74, suka sauka a babban birnin Cadi.

Tsawon husufi da tsawon salla

A Sakkwato wannan lissafi ba na aji kawai ba ne, yana da aiki a masallaci. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san siffar sallar husufin rana a mazhabar Malikiyya: liman ya fito masallaci, babu kiran salla babu iƙama, raka'a biyu, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, karatu a asirce, tsayuwar farko gwargwadon Baƙara, ruku'u mai tsawo kusan haka, masu biyo baya kowace ta gaza wadda ta gabace ta. Babu huɗuba tsararriya, amma babu laifi liman ya yi wa jama'a wa'azi. Salla ce da idan an yi ta a kan wannan siffa za ta ci awa guda ko fiye.

Wanda ya ji an ce husufin minti huɗu ne zai ɗauka wannan salla ba ta da wurin shiga. A wajen da ba a yi duhu ba kuma wani zai tambaya, "Allah gafarta malam, tunda mu rana ba ta rufe mana duka ba, sallar ta hau kanmu?" Malaman fiƙihu ba su ɗaure ta da duhu ba. Sun ɗaure ta da gushewar hasken rana, dukansa ko sashensa, muddin sashen bai yi ƙanƙantar da ba a lura da shi ba. Ke nan lokacin sallar a ran nan awa biyu da rabin nan ne, kuma Sakkwato da Gusau daidai suke a cikinsa. Ga shi kuma ya faɗo tsaf a lokacin da mashahurin zance na mazhaba ya ware mata, irin na sallar Idi, daga ɗagowar rana zuwa zawali. A ƙarshen Maris zawalin Sakkwato sai bayan sha biyu da rabi. Ba kullum ake dacewa haka ba. Husufin 3 ga Nuwamba 2013, wanda aka ga sashensa a Najeriya, bayan rana ta karkata ya zo, kuma a nan malamai suna da saɓani kan yin ta cikin jam'i. Limamin da ya san ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a gama, shi ne zai iya auna karatunsa ya kuma tara jama'a a kan kari.

Wasu kan ji nauyi a zuciya idan aka ce an san ranar husufi tun shekaru kafin ya zo, kamar an shiga ilimin gaibu. Ban ga haka ba. Rana da wata da lissafi suke tafiya, Alƙur'ani ma ya faɗi haka, kuma wanda ya san ƙarfe nawa rana za ta faɗi gobe ba boka ba ne. Abin da addini ya hana shi ne a jingina husufi ga mutuwar wani ko haihuwarsa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi a Madina, mutane suka ce saboda rasuwar ne, shi kuwa ya gaya musu rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Masu lissafin falaki suna danganta wannan da husufin 27 ga Janairu 632. Sanin lokaci ba ya cire tsoron Allah daga zuciyar wanda ya ga rana ta dusashe da hantsi.

Sau nawa yake zuwa

Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, ranar 28 ko 29, lokacin da wata ya ɓuya, domin a lokacin ne yake tsakaninmu da rana. Yana zuwa wannan matsayi duk bayan kwana 29 da rabi. Da hanyarsa a miƙe take da ta duniya, da kowane ƙarshen wata sai an yi husufi. Amma ta karkace da kusan digiri 5, don haka galibi inuwarsa takan wuce ta sama da duniya ko ta ƙasa da ita. Sau biyu a shekara ƙofa take buɗewa, inda hanyoyin biyu suka yi daidai da rana. Kowace ƙofa tana kai kwana 34 ko 35 a buɗe, tsakanin wannan da waccan kuwa kimanin kwana 173. Tunda ƙofar ta fi wata guda tsawo, dole ƙarshen wata ya faɗo a cikinta. Shi ya sa babu shekarar da ba a yin husufin rana aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya. Yakan kai biyar, amma da wuya: an yi haka a 1935, na gaba sai 2206.

Na 2006 yana da na gabansa da na bayansa, kuma da watannin Hijira ya fi daɗin ƙirgawa. An yi mai zobe ranar 3 ga Oktoba 2005, ƙarshen Sha'aban na 1426, ya bi ta Sifaniya da Aljeriya da Libiya da Sudan da Kenya. Ƙirga wata shida: Ramadan, Shawwal, Zulƙida, Zulhajji, Muharram, Safar, ga namu. Ƙara wata shida, ƙarshen Sha'aban na 1427, ranar 22 ga Satumba 2006, ga wani mai zobe a arewacin Kudancin Amurka da tekun Atilantika. A kalandar Miladiyya ƙofofin nan suna zuwa da wuri da kusan kwana 19 kowace shekara, shi ya sa husufi ba shi da wata ko yanayi na kansa.

A wannan ƙarni, daga 2001 zuwa 2100, jimlar husufin rana 224 ne. Cikakku 68, masu zobe 72, waɗanda sashe kawai suke ci a ko'ina aka gan su 77, sai 7 da suke cikakku a wani yanki na hanyarsu, masu zobe a wani. Wato kusan duk shekara ɗaya da rabi akwai inda dare ke yi da rana a doron ƙasa. To me ya sa dattijo zai cika shekara tamanin bai taɓa gani ba? Kamar inuwar shirwa ce: kullum tana sama tana shawagi, amma sai a daɗe inuwarta ba ta gilma ta tsakar gidanka ba. Hanyar inuwar wata ko kashi 1 cikin 100 na faɗin duniya ba ta rufewa, kuma fiye da kashi 70 na duniyar ruwa ne. Masanin falaki ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Meeus, ya lissafa cewa idan aka yi tsaka-tsaki, wuri guda yakan jira shekara 375 kafin cikakken husufi ya sake hawa kansa.

Wannan adadi ba jadawali ba ne. Wani yanki na kudancin jihar Ilinoi a Amurka ya ga cikakke a 2017 ya sake gani a 2024, wasu garuruwan kuwa sukan haura shekara dubu suna jira. Idan ƙasa ce ba gari ba, lissafin ya sake canzawa, domin ƙasa tana da faɗi: inuwar ta taka Najeriya a 1947 da 1959 da 2006. Idan kuma husufin sashe ake nufi, gari ɗaya yakan gan shi duk bayan 'yan shekaru. Bayan na 2013 an yi na 1 ga Satumba 2016 da safe, cikin damina. Saboda haka idan an ce "sai bayan shekara kaza", a tambaya: wane iri, kuma a ina?

Dangin husufin 2006

Tun zamanin Babila masu duban sama suka gano cewa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 11 da awa 8, rana da wata da duniya suna komawa kusan yadda suke, husufi mai kama da na baya ya maimaitu. Ana kiran wannan zagaye Saros. Daga nan wasu ke cewa husufi yana dawowa duk shekara 18. Yana dawowa, amma awa takwas ɗin nan na ƙarshe su ne matsalar: kafin su cika duniya ta yi sulusin juyi, sai inuwar ta faɗa can yamma, a wata nahiya.

Husufan da ke bin juna a wannan zagaye zuriya ɗaya ce, kowace zuriya da lambarta, namu na 2006 kuwa ɗan zuriya ta 139 ne. Na 25 ga Fabrairu 1952 ya bi ta Khartum. Na 7 ga Maris 1970 ya faɗa Meziko da gabashin Amurka. Na 18 ga Maris 1988 ya je Indonesiya da Filifin. Sai namu. Sai na 8 ga Afrilu 2024, wanda ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada, hotunansa suka cika wayoyin mutane. Na 2042 zai koma Indonesiya da Filifin, sai ranar 30 ga Afrilu 2060, bayan zagaye uku, shekara 54 da wata guda, ya sake bi ta wannan yanki namu na Afirka ta Yamma. Zuriyar tana ƙara tsawo: minti 4 da sakan 7 a 2006, minti 4 da sakan 28 a 2024, minti 5 da sakan 15 a 2060, har ta kai minti 7 da sakan 29 ranar 16 ga Yuli 2186.

Na 2024 ya shafi Sakkwato ta wata fuska ko da yake ba a gan shi a nan ba. Ranar 29 ga Ramadan na 1445 ce, ranar duban watan Shawwal. Lokacin da inuwar ta isa gaɓar Meziko mu mun riga mun sha ruwa. Husufi shi ne shaidar ido ta lokacin da wata ya haɗu da rana, kuma jinjiri ba ya samuwa sai bayan haɗuwar da awanni masu yawa. Ran nan haɗuwar ta zo ne bayan rana ta faɗi a Sakkwato, don haka babu jinjirin da za a gani a samanmu. Fadar Sarkin Musulmi ta sanar ba a ga wata ba, aka cika azumi talatin, aka yi Salla ranar Laraba 10 ga Afrilu. Duba da lissafi sun tafi tare.

Biyu da ke tafe

Ranar 2 ga Agusta 2027, ƙarshen Safar na 1449, akwai cikakken husufi ɗan zuriyar na 1973. Zai bi ta kudancin Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ya kai minti 6 da sakan 23 kusa da Luksor a Masar, ya haye Bahar Maliya ya rufe Jidda da Makka, ya wuce Yaman da Somaliya. A Makka duhun zai yi kimanin minti 5, bayan azahar. Duk wanda Allah ya nufa da Umara a wannan mako zai ga abin da bai gani ba a 2006. A Sakkwato sashe ne za a gani, da hantsi.

Sai 20 ga Maris 2034, ƙarshen Zulhajji na 1455, inuwar za ta dawo Najeriya, amma ta kudu za ta shigo, ta kan Legas da birnin Benin, ta wuce Kamaru da Cadi da Sudan da Masar da Saudiyya da Kuwait da Iran. Mafi tsawonsa minti 4 da sakan 9, a Cadi. Sakkwato za ta sake zama a waje, wannan karon da nisa sosai.

Abin da nake so a yi kafin waɗannan ranaku ba mai tsada ba ne. Sanarwar da ke cewa "za a yi husufi a Najeriya" ba ta wadatar ba, ita ce ke sa wani ya rufe shago yana jiran dare, wani kuma ya ƙaryata masana don daren bai zo ba. A ba kowane babban gari lokuta uku, na farawa da na tsakiya da na gamawa, a faɗi kashi nawa na rana za a rufe, a kuma faɗi ƙarara ko gari zai yi duhu ko ba zai yi ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da malaman kimiyya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna iya fitar da wannan na Sakkwato da Wurno da Tambuwal da Illela da Isa, kwamitin duban wata ya isar wa limamai, Rediyon Rima ya karanta shi da Hausa da Fulatanci mako guda kafin ranar.

A cikin sanarwar lallai a sa zancen ido, domin garin da ke wajen inuwa kamar Sakkwato shi ya fi shiga haɗari. A wurinsa babu ko sakan ɗaya da za a kalli rana tsirara. Hasken ya yi laushi, ido ba ya ƙyaftawa, yaro ya ƙura mata kallo, kuma bayan ido ba ya jin zafin ƙuna, sai daga baya ya fara ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Baƙin tabarau ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙi, haka leƙa rana a cikin kwanon ruwa. Abin da ke karewa tabarau ne na musamman mai lambar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14. Wanda ba shi da su ya huda kwali da allura, ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya ratsa hudar ya sauka a farar takarda, zai ga surar ranar da inda aka gutsure ta. Malamin makaranta kuma ya kai yara gindin dogon yaro su dubi ƙasa, kowane ɗigon haske da ya ratso ganye zai zama ɗan ƙaramin lauje. Na 2027 a tsakiyar damina zai zo, don haka a ƙara da cewa gajimare mai shara-shara ba kariya ba ne, ko da ana iya hango ranar ta cikinsa ba tare da ido ya yi ƙwalla ba.